Hannun da Ya Daina Jin Zafin Ruwa

Tun da na dawo daga Bawku ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta zo sayen koko sai ta ajiye kwanonta ta ce in buɗe mata tafin hannuna ta ga tabo. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci sun fi kowa. Fati tana so ta ji ko aikin da zafi, Ayishetu kuma tana so ta ji ko ita ma ta kai nata a yanka. Malamarmu ta ce, "Mma Lariba, bakinki zai gaji. Ki rubuta mana, ai don irin wannan ranar kika koya." To, ga shi na sayi littafi na zauna. Wadda ta ga kuskure ta yafe mini, da furfura a kaina na fara riƙe biro.

Kun san sana'ata. Shekara ashirin da ɗoriya ina tace gasara, ina buga ƙullun ƙosai a bakin kasuwar Salaga. Hannun dama ya fara ne da wani abu kamar tururuwa na yawo a cikin yatsu, yana tashina daga barci sai na yarfa shi. Daga baya babban yatsa da manuni da na tsakiya suka yi dindiris, suka daina ji, ludayi ya riƙa suɓuce mini ba tare da na sani ba. Na shafa man kaɗe, na shafa man zafi, na yi shiru da bakina.

Sai saƙo ya zo daga Bawku. 'Yata ta fari can take aure. Ku da kuke matsa mini in faɗi sunanta, kun san gidanmu tsohon gida ne, na jikokin fataken goro, ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma wasa da shi a gaban mutane. Da aka yaye ta aka kai ta Yendi wajen yayata Memuna, ita ta riƙe ta har ta aurar da ita. Yaya take kira Mma, ni kuma Mma Salaga. Shekara bakwai tana gidan miji ba haihuwa, sai bana Allah ya kawo rabo. Ba ni ta kira ba, Yaya ta kira, ta ce a roƙe ni in zo in yi mata wankan jego, in wanke mata jariri har arba'in. Tun da na haife ta wannan ne abu na farko da ta nema a wajena. Na ce zan je, ko da kuwa da rarrafe.

Na bar wa maƙwabciyata tukunyar koko, na hau lorin Bimbilla da hantsi. Hanyar nan kun san halinta, ba sai na faɗa ba. Ni dai ina zaune ina tuna wancan zuwan da muka kai ta wajen Yaya, shekara talatin da suka wuce, a saman lorin doya, yarinyar tana kan cinyata tana tsotsar yatsa. A lokacin itatuwan kaɗanya sun fi haka yawa a gefen hanya, kuma direba kan tsaya a yi salla a gindin bishiya kowa ya buɗe guzurinsa a ci tare. Yanzu kowa kansa na cikin waya.

A Bimbilla na sayi dafaffen ƙwai da yaji ta taga. Da na miƙa dama in karɓa, ƙwan ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera. Na sayi wani, na karɓa da hagu. Wani dattijo mai farin gemu da ke kusa da ni ya dube ni ya ce, "Mma, ke da girmanki? Yara ma ai muna hana su." Na ce ya yi haƙuri da hagu. Ban ce masa komai game da ciwon ba, na tura hannun cikin mayafi har muka isa Yendi.

Mutanen Yendi ba sa gaggawa a gaisuwa. Su Dagomba sai mutum ya durƙusa, ana tambaya yana amsawa da "naa, naa" har gwiwa ta yi tsami. Mu a Salaga a tsaye muke gama tamu mu wuce. Gidan Yaya yana nan yadda na san shi, sai dai Malam mijinta ya rasu, zauren da yake karatu an mayar da shi shagon ɗinki, darbejiyar tsakar gida kuma ta yi girman da ta rufe rabin rufin kwano. Yaya ta tarbe ni da tubani, ta kwarara masa mai da yaji kamar yadda Innarmu take yi. Muka ci muna hirar rijiyoyin Salaga da muka ja ruwa a cikinsu muna yara, waɗanda yawancinsu yanzu ciyawa ta rufe.

Washegari da safe asirina ya tonu. Na ce bari in sirka wa Yaya ruwan wanka tunda gwiwoyinta sun hana ta sunkuyo. Na zuba na zafi, na ƙara na sanyi, na tsoma yatsuna yadda aka koya mana, na ji daidai. Na kai mata banɗaki. Ban kai ga komawa kujera ba na ji ihu.

"Lariba! Kaza ce ni da za ki fige?"

Ta fito da zani a ƙirji tana yarfa hannu. Na ce ai na gwada. Ta kamo hannuna ta juya shi, sai ga yatsun uku sun yi ja wur, ni kuwa ban ji komai ba. Ta dube su ta ce a hankali, "Da wannan hannun za ki gwada ruwan jariri?"

Na zauna a bakin rijiya. Fatar Yaya ta tsohuwa ce, ta sha wuya, amma ta yi ihu. Fatar ɗan kwana ɗaya fa?

A nan ta ba ni labarin nata. Ashe ita ma ta yi irinsa shekarun baya, lokacin tana sana'ar kitso. A asibiti suka yi mata allura ɗaya a wuyan hannu, suka ba ta wata safa mai ƙarfe a ciki, ana ɗaura ta lokacin kwanciya don kada wuyan hannun ya lanƙwashe. Ta rage kitso, ta yi wata uku da safar, ciwon ya tafi bai dawo ba. Ta ɗauko ta daga ƙasan akwati tana warin kafur.

"Ki ɗaura wannan. Kada ki yarda kowa ya kai miki wuƙa. Hannu ba albasa ba ne."

Na yi mako guda a Yendi ina ɗaurawa. Gaskiya ta yi mini amfani, na samu barci, tururuwar ta ragu. Amma kowace safiya in na tsoma yatsun a ruwan ɗumi, shiru. Yaya ta ce a gaya wa yarinyar. Na ce da wane bakin? Ni da ban taɓa haɗa jimla biyar da ita ba, in fara da cewa abin da ta roƙa ba zan iya ba? Na roƙe ta ta rufa mini asiri, ta ce to, tana kallon wani wajen.

Daga Yendi sai Tamale, daga nan na canza mota. A Walewale aka tsaya, masu soyayyen zabo da kankana suka rufe tagogi. Matar da ke kusa da ni Bamosa ce, wato 'yar ƙabilar Mosi, 'yar kasuwa, za ta wuce Bawku ta tsallaka iyaka zuwa gida. Ta sayi zabo ta yage mini cinya ba tare da ta tambaye ni ba. In wayarta ta yi ƙara sai ta juya harshe zuwa Faransanci, ta ajiye ta dawo mini da Hausa. Bayan Bolga shingayen jami'an tsaro suka yi yawa, a sauka, a nuna kati, a taka kaɗan, a sake hawa. Ta lura ina fama da zik ɗin jaka, daga nan duk shingen da muka zo ita take buɗe mini, ba ta tambayi dalili ba. Ban ma san sunanta ba. Allah ya kai ta gida lafiya.

Bawku garin albasa ne, tun daga tasha hancinka zai gaya maka. Ga amalanken jakai, ga mata a kan babura da goyo a baya suna gudu kamar maza. Hausar can kowa yana yin ta, Kusasi da Mosi da Busanga, amma mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsu. Ina shiga gida na ji wata tana shela, "Mma Salaga ya zo!" Na waiwaya ina neman namijin.

Uwar mijin 'yata, Hajiya Sala, dillaliyar albasa ce, doguwa, muryarta tana kaiwa gida na uku. Ta ba ni ɗaki kusa da nata, ta kawo tuwon gero da miyar ayoyo. Yarinyar ta zo ta durƙusa da ƙaton ciki ta gaishe ni. Na amsa ina kallon bango, yadda aka saba. Amma ta gefen ido na ga abin da ya tsinka mini zuciya: tana tashi sai ta yarfa hannayenta biyu kamar mai yarfe ruwa. Na san wannan yarfawar.

Kwana biyu na yi ina ɓoye nawa. A na uku kofin shayi ya suɓuce ya fashe a gaban Hajiya. Ba ta kalli kofin ba, hannuna ta cafke, ta danna gindin babban yatsa inda naman ya lotsa.

"Mma Lariba, tun yaushe?"

Na ce ya ɗan jima.

"Ya ɗan jima! Naman ma ya gudu." Ta buɗe nata tafin ta nuna mini wani siririn farin layi a ƙasansa, bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba. "Shekara biyar ke nan. Na yi safa, na yi allura har sau biyu, kowace ta riƙe ni 'yan watanni ta sake ni. Da aka yanka na huta. Yau buhu nake ja."

Na ce Yaya ta hana. Nan take ta sa aka kira Yendi, aka buɗe muryar waya kowa yana ji.

"Hajiya Memuna, ke kika ce kar a taɓa hannun ƙanwarki?"

"Ni ce. Ni da na warke, wa ya yanka ni?"

"Naki ƙaramin ciwo ne, na 'yan kitso."

"Ku mutanen Bawku komai sai wuƙa. Kun saba da yankan albasa, ko hawaye kun daina yi."

"Ku kuma na Yendi sai ku durƙusa wa ciwo kuna naa, naa, har ya cinye hannun!"

Suka yi ta yi suna dariya, ni ina tsakiya kamar kayan da ake ciniki. A ƙarshe Yaya ta ce, "To a kai ta likita ya raba mu."

Muka tafi mu uku, don Hajiya ta ce a duba na mai cikin ma. Likitan ba yaro ba ne, yana da haƙuri, yana jin Hausa irin ta can. Ya sa na rufe ido, yana taɓa yatsuna da auduga ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin yatsa kaɗai na ji sosai. Ya zana mini a takarda: akwai wata jijiya da ke bi ta wata ƙaramar hanya a wuyan hannu, da wani abu kamar ɗamara a samanta. In wajen ya kumbura sai jijiyar ta matsu. Ya ce Yaya ta yi gaskiya, Hajiya ma ta yi gaskiya, ciwon ne ba matakinsa ɗaya ba. Wanda yake zuwa yana tafiya, safa da hutu da allura sukan isa. Na 'yata ciki ne ya kawo kumburin, yawanci yakan tafi bayan haihuwa, safa kawai take bukata. Nawa kuwa ya zauna, naman yatsa ya fara ƙarewa. Allura za ta iya rage ciwo na ɗan lokaci, amma bai yi mini alkawarin za ta dawo da ji ba. Sai an yanka ɗamarar nan jijiyar ta sha iska, kuma duk jinkiri yana rage abin da zai dawo.

Na tambaye shi kwana nawa kafin in sa hannu a ruwa. Ya ce mako biyu kafin a cire zare, ɗaukar abu mai nauyi kuma sai bayan makonni. Ji kuwa a hankali yake dawowa, ba ya da rana. Haihuwa saura kamar wata guda.

Na ce, "To a yi mini allurar, in an yi arba'in sai a yanka."

Sai na ji muryar 'yata a bayana. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo a gabana ba.

"Mma Salaga, Mma ta gaya mini zancen ruwan wanka tun kina Yendi. Na yi shiru ne in ga ko za ki faɗa mini da kanki." Ta ci gaba da cewa, "Ruwa kowa zai iya sirkawa. Ni so nake ki zauna a ɗakina kwana arba'in, shi ya sa na ce wanka. Ban san wata hanyar da zan kira ki ba. Ki bari a gyara hannun."

Ban juya ba. Na kalli takardar likita har zanen ya narke a idona. Na ce masa ya sa rana.

Ana gobe aikin, bayan la'asar, na ɗauko safar Yaya na shiga ɗakin 'yata. Na ce, "Miƙo." Ta miƙo. Na riƙe wuyan hannunta ina ɗaurawa, yatsuna suna kasawa, ita tana taya ni da ɗayan hannun. Rabona da riƙe wannan hannun tun yana da ɗan warwaron murjani, a saman lorin doya. Da na gama ban sake shi da wuri ba.

Fati, ga amsarki. Ba su sa ni barci ba. Allurar kashe zafi ce kawai ta ɗan cije ni, suka kare da zani don kada in gani, nas tana tambayata yadda ake koko mai kyau. Kafin in gama yi mata bayanin kanumfari da citta an gama. Ranar na koma gida da bandeji kamar dambe zan yi. Wahalar tana baya: cin tuwo da cokali a hagu a gaban surukai, da alwala, da ɗaura zani. Hajiya ta ce duk wanda ya yi mini kallon banza ta san inda ta ajiye taɓarya.

Haihuwa ba ta jira wata ba. Kwana huɗu da cire mini zare ta sauka, mace. Hajiya ce ta zauna a kujerar wanka, ta miƙe ƙafafu a kan baho, ta kwantar da jaririyar a kansu, tana gasa mata kai da cibiya da tsumma. Ni ina gefe da tawul da man kaɗe. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo fiye da wuƙar. Amma ina ɗakin. Ni nake dama kunun kanwa da hagu, ni nake zama da mai jego in kowa ya watse, har muka fara hira kaɗan-kaɗan, tana ba ni labarin Yendi da ban sani ba. Hannayenta kuwa, kafin mako uku ta ajiye safar.

Kowace safiya in an kawo ruwan jaririya sai in faki ido in tsoma yatsun nan uku. Shiru. Na yi ta motsa su yadda aka nuna mini a asibiti, ina murza tabon da mai. Ranar kwana talatin da uku na tsoma kamar kullum, sai na ji kaina na ce "Wash!" na fizge hannu.

Kowa ya juyo. Na ce, "Hajiya, ruwan nan ya yi zafi. A ƙara na sanyi."

Ta tsoma nata, ta dube ni, ta sa aka ƙara. Na sake tsomawa, na bi da gwiwar hannu kamar yadda nas ta ce in riƙa yi don tabbatarwa. Na ce yanzu ya yi. Hajiya ta tashi daga kujerar tana riƙe da ƙugu.

"To zauna. Dama bayana ya gaji. Wata guda ina yi wa mutanen Salaga aikinsu."

Na zauna, na miƙe ƙafafu, aka ɗora mini ita. Kwana bakwai na samu, kuma sun ishe ni. Da na kira Yaya na gaya mata, sai ta ce, "Ai safata ce ta fara aikin."

Ayishetu, ke da naki yake tashinki daga barci amma da rana yake sakinki, kada ki jira ya kai inda nawa ya kai. Ki je a duba tun ana iya tsayawa a safa. Ni har yau babban yatsana bai da ƙarfin da, kan na tsakiya kuma kamar da leda a kai, likita ya ce mai yiwuwa wani abin ya dawo, mai yiwuwa ya tsaya haka. Na rage tatar gasara, na sayi injin buga ƙullu.

Jaririyar sunana aka sa mata, na yanka, Adiza. Don haka uwarta ma yanzu ba ta iya kiran sunan 'yarta, Mma Ƙarama take cewa. Ranar da zan taho ta rako ni tasha, ta ce, "Mma Salaga, yanzu mun zama ɗaya." Na ce mata ta koma gida rana ta yi.

Har gobe bakina ba zai kira sunanta ba, haka na tarar, haka zan bari. Amma da na tambayi malamarmu, ta ce ba ta taɓa jin an hana rubutawa ba. Hannun da aka gyara saboda ita ne, to bari ya yi.

Rahinatu.